Ƙasar Da Ba Ta Da Soja: Yadda A Ke Mulkin Kosta Rika

 A wannan mako za mu ɗan jingine zancen girki da renon yara, mu ƙetare teku mu leƙa wata 'yar ƙaramar ƙasa da a ke kira Kosta Rika. Na san wata za ta ce me ya haɗa mu da mutanen da ko sunan ƙasarsu ba mu iya faɗa sosai ba. To, ki yi haƙuri ki bi ni a hankali. Tsarin mulkin ƙasar nan abin a tsaya a duba ne, ga shi kuma akwai hannun mata a cikinsa dumu-dumu, yawancinsu ma malaman makaranta.

Ita dai Kosta Rika tana can Amurka ta Tsakiya, watau wannan siririyar ƙasa da ta haɗa Amurka ta Arewa da ta Kudu kamar wuyan gora. Nikaraguwa na arewa da ita, Panama na kudu maso gabas, teku kuma ya sa ta a tsakiya gabas da yamma. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 51,000 ne, watau ta ɗan ɗara Jihar Kaduna kaɗan, mutanenta kuwa miliyan 5 da 'yan kai. Babban birninta San Hose. Harshensu Sifaniyanci ne, domin Turawan Sifen ne suka mallake su har zuwa 1821. Suna noman kofi da ayaba da abarba su sayar ƙasashen waje.

Abin da duniya ta fi sanin ƙasar da shi shi ne ba ta da soja tun 1948. Amma wanda ya tsaya nan bai ga komi ba tukuna. In kika bi tsarin mulkinsu sashe sashe, za ki ga abu ɗaya ne ya ke ta maimaituwa: mutanen nan ba su yarda su sakar wa mai mulki linzami ba, ko da kuwa su suka zaɓe shi da hannunsu. Kuma ba haka kawai suka tashi da wannan hali ba, wuya ce ta koya musu.

Malamai mata a kan titi

A 1917 wani ministan yaƙi mai suna Federico Tinoco ya hamɓare gwamnati ya hau. Ya yi mulki na ƙarfa-ƙarfa, yana kulle duk wanda ya ɗaga murya. A watan Yuni na 1919 aka matsa wa malaman makaranta lamba a kan su nuna goyon bayansu ga gwamnatinsa. Sai malamai mata da 'yammatan babbar makarantar mata ta San Hose suka fito titi, jama'ar gari suka mara musu baya. 'Yan sanda suka far musu, amma ba su koma gida ba. Ranar 13 ga watan taron jama'a ya cinna wa ofishin jaridar da ke yabon gwamnati wuta. Cikin waɗanda suka ja gaba akwai wata malama marubuciya da aka fi sani da Carmen Lyra. Wata biyu bayan haka Tinoco ya tattara nasa ya nasa ya tsere Turai. Akwai 'yan tawaye da ke yaƙarsa a kan iyaka, akwai kuma matsin Amurka da ta ƙi amincewa da gwamnatinsa, amma masu tarihin ƙasar ba su taɓa barin matan nan a baya ba in suna ba da labarin faɗuwarsa.

Abin mamaki, waɗannan mata da suka taimaka aka kori azzalumi ba su da ikon jefa ƙuri'a ko ɗaya. Sabo da haka a 1923 wata mai suna Ángela Acuña, wadda daga baya ta zama lauya mace ta farko a ƙasar, ta tara 'yan'uwanta suka kafa ƙungiyar neman haƙƙin mata. Mafi yawan 'yan ƙungiyar malamai ne da ɗalibansu. Gwagwarmayarsu ta farko ma a kan albashi ce, domin an so a ƙara wa malamai maza kuɗi a bar mata, alhali alli ɗaya su ke riƙewa, allo ɗaya su ke gogewa. Suka ce ba su san zancen ba. Daga nan suka shiga kai takardar roƙo Majalisa a kan a ba mata ƙuri'a. Su kai, a ajiye. Su sake kaiwa, a sake ajiyewa. Haka aka yi ta yi shekara ashirin da 'yan kai.

Ranar 2 ga Agusta 1947 kuma dubban mata suka yi jerin gwano zuwa fadar Shugaban Ƙasa riƙe da fararen tutoci. Cikin shugabanninsu akwai wata shahararriyar malama, Emma Gamboa. A wannan karo abin da suka je nema shi ne a ba da tabbacin cewa zaɓe mai zuwa ba za a yi maguɗi ba. Ku duba fa, zaɓen da su kansu ba za su jefa ƙuri'a a cikinsa ba.

Kwana 44 na yaƙi

Abin da matan nan su ke gudu kuwa shi ya faru. A zaɓen Fabrairu 1948 aka ce wani ɗan jarida, Otilio Ulate, shi ya ci. Abokin takararsa, Rafael Ángel Calderón Guardia, tsohon shugaba ne, kuma ba ƙaramin mutum ba, domin a zamaninsa ne aka kafa asusun kula da lafiyar ma'aikata a 1941 da dokar ƙwadago a 1943, abubuwan da talakawa ke mora har yau. Mutanensa suka ce an yi musu coge. Da ya ke su ne ke da rinjaye a Majalisa, sai Majalisa ta soke zaɓen. Watau waɗanda suka sha kaye su ne suka zauna alƙalanci a kan shari'arsu.

Wani manomi mai suna José Figueres ya tara mayaƙa daga gonarsa cikin duwatsu. Aka gwabza kwana 44, aka yi asarar rayuka wajen 2,000. A ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba a lokacin, wannan ba ƙaramin makoki ba ne. Figueres ya ci yaƙi, ya riƙe mulki wata 18 tare da 'yan majalisarsa.

Ranar 1 ga Disamba 1948 ya tara jama'a a barikin Bellavista da ke San Hose, ya ɗauki guduma ya doki katangar barikin har wani yanki ya zube, ya ce daga yau an sallami soja. Aka mai da barikin ɗakin ajiye kayan tarihi na ƙasa, kuma har yanzu mai ziyara na iya ganin gurbin harsashi a jikin hasumiyarsa. Sabon tsarin mulki na 7 ga Nuwamba 1949 ya tabbatar da wannan a sashe na 12: ba sauran soja na dindindin, sai 'yan sanda domin tsare lafiyar jama'a. Kashegari Figueres ya miƙa mulki ga Ulate, mutumin da aka hana kujerarsa tun farko.

Kad da mu mai da Figueres waliyyi. Sojan da ya sallama ba su da yawa, kuma na abokan gābansa ne, sabo da haka sallamarsu ta raba shi da fargabar a yi masa juyin mulki. Gwamnatinsa ta haramta jam'iyyar 'yan gurguzu, ta kulle waɗansu, waɗansu kuma suka yi gudun hijira. Carmen Lyra ɗin nan ta 1919 tana cikinsu. A Meziko ta rasu a 1949, ba a bar ta ta komo gida ba duk da ciwon da ta ke fama da shi. Har wa yau ƙasar ta dogara da yarjejeniyar tsaro ta ƙasashen Amurka, kuma da aka kawo mata hari daga Nikaraguwa a 1955, taimakon waje ya yi mata rana. Duk da haka, mutumin da ya ci yaƙi da bindiga ya ajiye bindigar, ya sauka daga kujera a ranar da ya yi alkawari, ai ba a cika samun irinsa ba. Tun daga ranar har yau ba a sake juyin mulki a Kosta Rika ba, alhali maƙwabtanta sun sha fama da mulkin soja da yaƙin basasa.

Yadda aka rarraba iko

To, bari mu shiga cikin gidan mu ga yadda aka tsara ɗakunan.

Shugaban Ƙasa jama'a ke zaɓensa kai tsaye, tare da mataimaka biyu, ranar Lahadin farko ta watan Fabrairu, bayan ko wace shekara huɗu. Sai ya sami aƙalla kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u. In ba wanda ya kai, biyun da ke gaba su sake karawa ranar Lahadin farko ta Afrilu. Ranar 8 ga Mayu a ke rantsar da shi. Da shekara huɗun nan ta cika, sai ya kwashe kayansa. Ba ya iya zarcewa, kuma in yana marmarin komowa sai ya jira shekara takwas. A 1969 ma sun hana komowar gaba ɗaya, sai a 2003 kotu ta soke hanin, abin da ya ba Óscar Arias damar sake hawa a 2006. Shi ne wanda ya sami lambar Nobel ta zaman lafiya a 1987 sabo da sulhun da ya ƙulla tsakanin maƙwabta. Muddin kuma mutum yana kan kujerar, doka ta hana shi da ministocinsa shiga yaƙin neman zaɓe ko tallar wata jam'iyya.

Majalisar Dokoki guda ɗaya ce, mai wakilai 57 da aka rarraba wa lardunan ƙasar guda bakwai gwargwadon yawan mutanensu. Jam'iyya a ke zaɓa, ko wace ta kawo jerin sunayenta, a ba ta kujeru daidai da ƙuri'un da ta samu. Su ma wakilan ba su zarcewa. Wakili ya yi shekara huɗu, dole ya koma gida ya zauna huɗu kafin ya sake tsayawa. A ganina wannan doka tana da kaifi biyu. Ta hana mutum mai da kujera gadon gidansu, amma kuma duk bayan shekara huɗu sai a cika zauren da sababbin hannu, kamar makarantar da a ke canja mata malamai duka rana ɗaya. Kafin su gane kan aiki, rabin wa'adi ya wuce.

Babbar Kotu tana da alƙalai 22. Majalisa ke naɗa su na shekara takwas, amma in wa'adin alƙali ya cika, sai ya ci gaba da kansa, in ba kashi biyu cikin uku na wakilai suka taru suka ce ya sauka ba. Da haka alƙali ba ya zama yana duban fuskar 'yan siyasa kafin ya yanke hukunci. A 1989 aka buɗe wani sashe a cikin kotun mai alƙalai bakwai, wanda mutanen ƙasar ke kira Zaure na Huɗu, aikinsa tsare tsarin mulki. Wannan zaure ya burge ni ƙwarai. Duk wanda ya ga hukuma ta tauye masa haƙƙi yana iya kai kuka can, ba sai da lauya ba, ba kuɗin kan sarki, ko da rubutun hannu ne a kan 'yar takarda, ko da kuwa yaro ne ko baƙo. Mutane da yawa sun sami maganin da asibitin gwamnati ya hana su ta wannan hanya. Dubban ƙararraki ke shiga ko wace shekara, har waɗansu na gunagunin cewa alƙalan sun fara yi wa gwamnati mulki.

A ƙasa kuma akwai gundumomi 84, ko wace da majalisarta da magajin garinta, wanda jama'a suka fara zaɓa da kansu a 2002.

Mai riƙe da akwati

Amma ɗakin da ya fi ko wane ƙarfin ƙofa a gidan nan shi ne Babbar Kotun Zaɓe. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1949 sun ga da idonsu abin da soke zaɓe ya jawo, sai suka ƙwace sha'anin zaɓe ɗungum daga hannun Shugaba da Majalisa. Alƙalan Kotun Zaɓe uku ne, a kan ƙara biyu su zama biyar in zaɓe ya gabato. Babbar Kotu ke naɗa su, da yardar kashi biyu cikin uku na alƙalanta, na shekara shida. Shugaban Ƙasa ba shi da ta cewa. Darajarsu da cin gashin kansu daidai su ke da na sauran sassa ukun, har mutane kan kira su sashe na huɗu na gwamnati.

Su ke kiran zaɓe, su ke ƙidaya, su ke faɗin wanda ya ci, kuma hukuncinsu a kan zaɓe ba a ɗaukaka shi zuwa ko ina. Wata shida kafin zaɓe da wata huɗu bayansa, Majalisa ba ta da ikon zartar da dokar zaɓe in Kotun ta ce ba ta yarda ba. In lokacin zaɓe ya kama kuwa, a kan yi biki a miƙa wa Kotun ragamar 'yan sandan ƙasa a kan duk abin da ya shafi zaɓe. Ga wani abu da zai ba uwaye sha'awa: ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa yana ƙarƙashin Kotun nan ne. Jaririn da aka haifa yau, hukumar da ta rubuta sunansa ita ce za ta ba shi katin shaida in ya cika shekara 18, sunansa kuma ya shiga jerin masu zaɓe ba tare da ya sake bin wani layi ba. In ya mutu ita ce za ta goge sunan.

Ƙuri'ar mata

Ranar 20 ga Yuni 1949 majalisar rubuta tsarin mulki ta amince a ba mata ƙuri'a, mutum 33 suka yarda, 8 suka ƙi. Wurin da aka fara gwadawa ma ba birni ba ne. Waɗansu ƙauyuka biyu ne, La Tigra da La Fortuna, aka tambaye su ranar 30 ga Yuli 1950 wace gunduma su ke so su bi. Wata 'yar ƙauye mai suna Bernarda Vásquez ita tarihi ya rubuta a kan mace ta farko da ta jefa ƙuri'a a ƙasar. Mu nan Arewacin Nijeriya, kun sani, sai a 1976 aka buɗe mana wannan ƙofa, bayan irin wuyar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha.

A babban zaɓen 1953 mata uku suka shiga Majalisa: María Teresa Obregón, da Ana Rosa Chacón, da Estela Quesada. Dukansu uku malaman makaranta ne, Ana Rosa kuwa tana cikin waɗanda suka fito titi a 1919. Estela ta zama Ministar Ilmi a 1958, ita ce mace ta farko da ta riƙe minista. Ban yi mamakin ganin malamai a gaba ba. Tun 1869 tsarin mulkin ƙasar ya ce karatun firamare dole ne ga yara maza da mata, kuma gwamnati ke biya. Ƙasar da ta yi shekara 80 tana sa 'ya'yanta mata a makaranta kafin ta ba su ƙuri'a, ai ranar da aka buɗe ƙofa akwai masu shiga a tsaye.

Sai dai daga ukun nan abin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A 1986 aka sami mace ta farko mataimakiyar shugaba, Victoria Garrón, ita ma malama. A 1996 doka ta ce ko wace jam'iyya ta ba mata kashi 40 cikin 100 na jerin 'yan takararta. Nan maza suka nuna wayonsu: sai su cika adadin, amma su jera sunayen mata can ƙasan takarda inda kujera ba ta kaiwa. Kotun Zaɓe ta ce ba haka doka ke nufi ba, sai a sa su inda za su iya ci. Dokar zaɓe ta 2009 ta rufe zancen, ta ce rabi da rabi, kuma a jera su bi da bi, mace na bin namiji, namiji na bin mace. A 2010 Laura Chinchilla ta zama mace ta farko Shugabar Ƙasa. A 2018 Epsy Campbell, baƙar fata jikar mutanen Jamaika, ta zama mataimakiyar shugaba. A zaɓen 2022 mata 27 suka sami kujera cikin 57.

Inda gizo ke saƙa

Ba na so ku ɗauka aljanna na ke ba ku labari. Cin hanci bai bar su ba. A 2004 aka tsare tsofaffin shugabanni biyu bisa zargin karɓar toshiyar baki. Ɗaya kotu ta same shi da laifi, ɗayan aka wanke shi bayan doguwar shari'a. Abin ya zubar da mutuncin manyan jam'iyyu biyu da suka daɗe suna karɓa-karɓa, har a 2014 wata jam'iyya dabam ta ci. Bayan nan Majalisa ta yi shekaru tana cike da ƙananan jam'iyyu, shugaba ya yi ta lallashi kafin doka ɗaya ta wuce. Jama'a ma sun fara gajiya: a zagayen farko na 2022 wajen kashi 40 cikin 100 ba su fita zaɓe ba, ko da ya ke tsarin mulki ya ce jefa ƙuri'a wajibi ne, sai dai ba a hukunta wanda ya ƙi.

A 2011 suka rubuta cikin tsarin mulki cewa kashi 8 cikin 100 na dukan arzikin da ƙasa ta samar a shekara a kashe shi a kan ilmi. Rubutu ne mai kyau, amma bashi ya yi wa gwamnati katutu, kasafin shekarun baya-bayan nan ya gaza kai wa nan, malamai da ɗalibai sun sha fitowa titi a kan haka. Ga kuma masu fataucin hodar ibilis da suka mai da tashoshin jiragen ruwan ƙasar hanyar wucewa zuwa Turai da Amurka. A 2023 an kashe mutum fiye da 900, adadin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar.

Shi kansa tsarin ya sha jijjiga. Rodrigo Chaves, wanda aka zaɓa a 2022, ya yi ta sa-in-sa da alƙalai da wakilai da 'yan jarida, yana cewa ƙa'idodin nan sun ɗaure wa gwamnati hannu ta kāsa yi wa talaka aiki, kuma mutane da yawa sun gaskata shi. A 2025 Babbar Kotu ta nemi Majalisa ta cire masa rigar kariya domin ya fuskanci shari'a a kan wani zargi da ya shafi kuɗin kwangila, zargin da ya musanta. Ba a taɓa yi wa shugaba mai ci haka ba a ƙasar. Aka jefa ƙuri'a a watan Satumba: wakilai 34 suka ce a cire, alhali 38 doka ke bukata, sabo da haka rigar ta zauna a jikinsa.

Mai son ganin yadda su ke renon 'ya'yansu a kan wannan tsari kuwa sai ya je ranar zaɓe. A wurare da dama a kan kafa wa yara nasu akwatin dabam, su bi layi da 'yan takardunsu su jefa, a ƙidaya musu, ko da ya ke ba a haɗawa da ta manya. Ainihin rumfunan zaɓen ma yawancinsu a cikin makarantu a ke kafa su, a azuzuwan da yaran za su koma su zauna in an buɗe makaranta.